Saitin cire karyayyen sitod na manifol da na siya a Ƙofar Ruwa, rabinsa alheri rabinsa tarko

Masu Kanta da masu tifa, wannan naku ne. Akwai wani ɗan akwati da ake sayarwa yanzu a shagunan kayan aiki na Ƙofar Ruwa, wai saitin cire bol ko sitod (bol marar kai da ake ɗaura wa noti) da ya karye a cikin ƙarfe, a ciki akwai bakin dirila guda biyar masu juyin hagu, da ekstrakta guda biyar masu murɗaɗɗen jiki, wato ƙarfen da ake murɗawa cikin ramin da aka huda don zaro karyayyen, da ɗan fanci na buga alamar wurin huda. Ba sunan kamfani a jiki, kwali ne kawai da hoto. Na siya na yi aiki da shi a ƙofar gida a kan Mitsubishi Canter ɗinmu mai injin 4D34, kuma a taƙaice ra'ayina shi ne bakin dirilar ya ci kuɗinsa har da riba, ekstraktan kuwa ka bar shi a akwati sai dai in ba yadda za ka yi.

Wanda bai san ciwon ba, ga yadda yake zuwa. Da asuba ka tada mota sai ka ji tak-tak-tak daga gefen salansa, inji na ɗaukar zafi ƙarar ta ragu ko ta ɓace gaba ɗaya, shi yasa direbobi da yawa suke cewa ai ba komai. Ba wai ta warke ba ne, ƙarfe ne ya buɗe da zafi ya toshe kafar. Ɗaga kan motar ka duba inda manifol, wato ƙarfen da ke tara hayaƙin inji ya kai salansa, ya haɗu da kan inji, za ka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a wajen, in ka ƙirga notina ka tarar ɗaya ko biyu babu, sitod ɗin ya gutsure. Kuma yawanci na bakin gefe ne ke karyewa, na farko ko na ƙarshe, saboda manifol ɗin yana miƙewa idan ya yi zafi ya koma idan ya huce, to can ƙarshen ne motsin ya fi yawa, kullum ana ja ana saki, ga tsatsa, dole wata rana ya gaji. Su Kanta kuma direba a saman inji yake zaune, hayaƙin nan cikin kan mota yake shigowa, yaro ya dawo daga lodin Dawanau yana ciwon kai ana cewa rana ce.

Mai shagon dai gaskiya ba ni da ƙorafi a kansa. Dattijo ne, da na ce masa na manifol zan cire sai ya ce Malam in ka samu mai walda kusa da kai ka fara da shi tukunna, wannan na bayan walda ne. Mutum yana so ya sayar da kayansa amma ya faɗa maka haka, ai ka san ba ɗan cuwa-cuwa ba ne. Ya buɗe akwatin a gabana muka ƙirga, ya kuma nuna min bambancin sabon sitod mai kyau da na gwangwan. Abu ɗaya dai, in ka fita da kaya ba a dawowa da shi, to ka duba da kyau kafin ka biya.

Sitod biyu ne suka karye a tamu, ɗaya ya bar ɗan kai a waje ɗayan kuma ya gutsure can ciki ƙasa da fuskar ƙarfen. Tun daren ranar na jiƙa duka notinan da man birki, irin yadda kanikawanmu suke yi, da safe sauran suka kwance ba gardama sosai. Mai ɗan kan nan ko taɓa akwatin ban yi ba, maƙocina mai walda ya zo da injinsa, ya ɗora washa ya liƙe, ya ɗora noti a kai ya cika cikinsa da walda, muka bari jan ya dushe, sifana ɗaya ya fito. Zafin waldar ne yake fasa tsatsar da ta riƙe zaren. Dan Allah kafin a kunna walda a cire kan batir, motocin nan batir biyu ne bolt 24, kuma a rufe tiyon mai da wayoyi da jiƙaƙƙen tsumma.

Na cikin ne ya sa na buɗe saitin. Fancin da ke ciki wasan yara ne, bugu kaɗan bakinsa ya lanƙwashe, nawa na da na ɗauko. Kuma duk aikin a nan yake, in alamar ba ta zauna a tsakiyar sitod daidai ba dirila za ta zame ta ci zaren kan inji, kaga ka bar gyaran sitod ka koma neman masu gyaran kan inji. Na fara da ƙaramin baki, dirila a ribas tunda juyin hagu ne, a hankali ba gudu, ina ɗiga mai, sannan na naɗa salatif a jikin bakin daidai zurfin ramin wani sitod da na auna, don kar in zarce, a bayan ramukan nan akwai hanyar ruwan inji, ka huda ta ka shiga uku. Da na koma baki mai girma, ina cikin hudawa kawai sai na ji ya cije, sitod ɗin ya biyo shi yana warwarewa da kansa har waje. Wallahi daɗin da na ji! Hikimar kenan, bakin dirila na yau da kullum yana juyawa ne ta hanyar ɗaurewa, wannan kuma yana ci yana kwancewa, ga ɗumin hudar yana taimakawa. Bakin bai dakushe ba bayan aikin, har yanzu yana ci.

To ekstraktan fa. Na gwada shi a wani tsohon kan inji da ke yashe a garejin abokina, don in san abin da zan faɗa. Jikinsa mai tsini ne, kana murɗa shi yana shiga yana buɗa sitod ɗin ta ciki, wato yana ƙara matse shi a ramin da kake so ya saki. A bol ɗin da ba tsatsa ya yi aiki lafiya, a wanda zafi da tsatsa suka gasa shekara da shekaru kuwa sai na ji yana murɗewa a hannuna, na tsaya. Ƙarfensa mai tauri ne ƙwarai amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar tangaran, kuma in ya karye a ciki dirilar da kake da ita ba za ta iya cinsa ba, ya fi ta tauri. Duk wani tsohon bakanike a Kano in ka tambaye shi zai ba ka labarin kan injin da aka sauke saboda wannan ɗan abin. Na sitod ɗin salansa ni dai ban ba kowa shawara ba.

Akwai abin da ya kamata a ce yana cikin akwatin amma babu, taf na gyara zare. Dole ka siya daban, ka kai tsohon sitod a gwada maka don zaren motocin Japan sau da yawa ya fi laushi, kar a ba ka mai gautsi ka tura da ƙarfi. Ka wuce da taf ɗin a ramin, ka hure dattin. Sannan kafin ka mayar da manifol ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa ka haska da tocila, in haske na wucewa ta ƙasa ya lanƙwashe kenan, a kai a goge fuskar, in ba haka ba sabon sitod ɗin ma zai bi sawun tsohon. Gasket sabo, kar a yi rowa. Ni duka sitod ɗin na canja tunda an riga an buɗe, na shafa musu man jan ƙarfe mai jure zafi, na ɗaure daga tsakiya zuwa gefe kaɗan kaɗan, bayan mota ta yi aiki ta huce na sake bi da sifana.

In za a ba da maki cikin goma, bakin dirila takwas, ekstrakta uku, fanci sifili. Da ana sayar da bakin hagun shi kaɗai da shi zan siya, na tambayi mai shagon ya ce a saiti yake zuwa. Kuma wanda dirilarsa ba ta da ribas kar ma ya ɓata kuɗinsa, ya fara aro mai ribas tukunna.