Matoshin kunne mai filta: wata shida ina zuwa wasan kiɗa da shi

Abin da ya sa na sayi wannan abin toshe kunnen wani dare ne da na tsaya dab da sifika a wajen wasan mawaƙa kusan awa uku, na dawo gida na kwanta ɗaki shiru amma kunnena na hagu sai wani sauti yake yi wiiiii kamar sauro ya shige ciki ya ƙi fita, washegari kuma ana min magana ina ji kamar daga cikin ruwa ake yi. Kwana biyu kafin ya lafa. Wlh na tsorata sosai, don ina da aboki mai kaɗa ganga da nasa ƙaran bai taɓa tafiya ba, sai ya kunna fanka yake iya bacci ko da sanyi ake.

Ni dai ina son kiɗa kai tsaye, bana jin zan iya dainawa, shi yasa na fara neman mafita. Can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, cikinsa wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu kamar gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa, kuma idan ƙara ta kashe su a jikin ɗan adam basa sake tsirowa. Wannan ne ya fi tsaya min a rai. Hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta ba da shawarar iyaka a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa takwas, duk desibel 3 da aka ƙara sai lokacin ya ragu rabi, to in ka lissafa desibel 100 minti 15 kawai ne. Kuma desibel 100 ɗin shi ne matsakaicin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kar wuraren wasa su wuce a ƙa'idar da ta fitar a 2022. Ni kuma awa uku na yi a gaban sifika.

Na fara gwada na soso, irin wanda ake murzawa a tura a riƙe ya kumbura. Yana toshewa sosai kam, gsky ya fi kowanne rage ƙara, amma waƙa ta mutu murus, muryar mawaƙi da jita duk sun ɓace sai dum dum ɗin bes, wato kaurin sauti, kawai, ban kai waƙa ta uku ba na cire na sa a aljihu. To wannan da nake magana a kai daban ne. Na silikon ne mai laushi, hawa uku kamar ƴar laima, a tsakiya akwai ɗan rami da filta, a kwalin an rubuta yana rage kusan desibel 20. Aikin filtar shi ne ta rage siririn sauti da kaurin sauti kusan daidai da juna, sai ka ji kamar an rage bolum ne kawai ba an rufe ka a ɗaki ba.

Ranar farko da na sa shi na ɗauka ma bai aiki, don ina jin kowane baiti tar, har na fi gane kalmomin mawaƙin fiye da da, saboda wannan tsatsar da ke soka kunne idan an buga farantin ƙarfe na masu ganga ta tafi. Sai a tsakiyar wasa na zare guda ɗaya don in gwada, ai ba shiri na mayar, ƙaran kamar mari. Bes kuwa yana nan yana dukan ƙirji yadda nake so, wannan ba ta kunne kaɗai ake jin sa ba. Na koma gida na kwanta, shiru, babu wiiii ko kaɗan.

Yana da nasa matsalolin fa. Muryarka tana maka gum a kai, in kana bin waƙa da baki sai ka ji kanka ya fi kowa ƙara, na ɗau kamar fita uku kafin na saba. Kuma sai ka rage murya ba ka sani ba, abokina ya yi ta cewa me ka ce. Sa shi ma sai an koya, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya sannan ka murɗa shi a hankali ya zauna, in bai zauna ba iska na shiga ta gefe to wannan 20 ɗin da aka rubuta ba za ka samu ba. Nawa babban saiz ya sa min ƙaiƙayi bayan awa biyu, da na koma ƙaramin da ya zo a kwalin shikenan. Cirewa kuma a hankali, kar a fizga. Yana kwasar dattin kunne, ina wankewa da ruwan ɗumi da ɗan sabulu in bari ya bushe, ɗan kwanson da ya zo da shi na maƙala a makullina don ƙanana ne, in ɗaya ya faɗi cikin duhu da cunkoso ka manta da shi.

Ko da shi a kunne yanzu bana tsayawa jikin sifika, ina ja baya wajen tsakiya, kusa da mai haɗa sauti, can ma kiɗan ya fi daɗi, in an je hutu in fita waje minti goma. Auduga ko tishu da wasu ke cusawa kusan ba abin da take ragewa, don Allah a bari. Wanda kuma ƙaran kunnensa ya wuce kwana biyu bai tafi ba ya je a gwada masa ji, in jin ne ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda to wannan a ranar ake ganin likita.

Zan ba shi huɗu cikin biyar. Na riga na sayi na biyu na ba ƙanwata, ita da ke rige-rigen layin gaba duk wasan da muka je.