Yadda ake zuwa filin ƙwallo a nan, da yadda ake komawa gida

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Saƙonka ya iso, har da tambayar da ka liƙa a ƙarshensa: wai me ya sa duk wasan da ka kalla a talabijin daga nan Ingila sai ka ga fili ya cika maƙil, babu masaka tsinke? Ka kuma ba kanka amsa, ka ce Turawa sun fi kowa son ƙwallo, ga kuɗin tikiti a aljihu. Da ƙamshin gaskiya a maganarka. Sai dai kyamara manyan kulob take nuna maka, kuma tana nuna maka mutum ne bayan ya riga ya zauna a kujerarsa. Ba ta nuna yadda ya iso, balle yadda zai koma gida ƙarfe goma na dare cikin sanyi. Ni da na yi shekaru ina bin filayen nan da ƙafata, a nan na ga inda gizo ke saƙar.

Bari in fara da Arsenal ɗinka, tunda ba ka da zance sai nasu. Ka san asalinsu ba 'yan arewacin Landan ba ne? A Plumstead suke, can kudu maso gabas, ƙetaren kogi, wurin da a wancan zamani sai da wahala ake isa. 'Yan kallo suka yi ta raguwa, kuɗi ya ƙare musu. A 1913 shugabansu Henry Norris ya kwashe kulob ɗin ya kai Highbury, kuma babban abin da ya ja shi can shi ne tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke daf da filin, wadda ake kira Gillespie Road. A 1932 kocinsu Herbert Chapman ya matsa har aka sauya wa tashar suna ta koma Arsenal. Mutumin ya san abin da yake yi. Duk wanda ya buɗe taswirar jirgin Landan sai ya ci karo da sunan kulob ɗin, ko yana son ƙwallo ko ba ya so. Da suka tashi barin Highbury a 2006, daga kujeru kusan 38,000 zuwa 60,000, ba su yarda sun yi nisa ba. Sabon filin tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga tsohon.

Ranar wasa, idan ka sauka a tashar nan ta layin Piccadilly, za ka bi wani dogon rami mai ɗan hawa kafin ka fito waje. A gefe guda an gitta shingen ƙarfe daga ƙasa har sama, an ware wata 'yar siririyar hanya. Na daɗe ban gane amfaninta ba, sai ranar da na ga wata tsohuwa da jakar cefanenta tana tafe a ciki hankali kwance, mu kuma dubbai muna kwarara ta ɗaya gefen kamar ruwa ya ɓalle. Ashe an yi ta ne don wanda ba ƙwallo ya fito da shi ba, kada taro ya tafi da shi. Kana fitowa sai gidajen mutane jere, 'yan sanda a kan dawakai, masu sayar da gyale da hula ja da fari, kowa na tafiya gefe guda. Mota kuwa kada ma ka fara. Ranar wasa titunan unguwar na mazauna wurin ne kaɗai, ka faka ka dawo ka tarar da takardar tara a gilashi. Bayan an tashi, ana rufe tashar Holloway Road saboda da lif ake sauka cikinta, ba za ta ɗauki taron ba, sai a karkasa mutane zuwa Finsbury Park da Highbury & Islington da ita Arsenal ɗin. Mutum 60,000, amma kafin awa ta cika unguwar ta koma shiru, sai masu shara.

To, ga ɗaya fuskar. Wani abokin aikina yana goyon bayan wani ƙaramin kulob a wani gari da ba zan ambata ba. Sun sayar da tsohon filinsu na tsakiyar gari, sun gina sabo a bayan gari, gefen babban titi, tsakanin manyan kantuna da wuraren ajiye motoci. Ya yi ta yi mini naci, wata Talata cikin hunturu na bi shi, shi da ɗansa ɗan shekara takwas. Filin tsaf-tsaf, kujera mai kyau, banɗaki mai tsabta, ko'ina kake zaune kana ganin wasa sarai. Amma rabin kujerun babu kowa, har kana jin muryar mai tsaron gida yana yi wa 'yan bayansa tsawa. An take wasa takwas saura kwata, an tashi wajen goma saura. Bas ɗin da ke zuwa tashar jirgi sau ɗaya yake wucewa a awa in dare ya yi, kuma alƙalin wasa ya ƙara mintuna shida. Muna fitowa muka hango jan fitilarsa yana shan kwana. Masu motoci na can sun yi cirko-cirko, ƙofar fita ɗaya ce tak zuwa titi. Haka muka taka kusan minti arba'in a gefen hanya, yayyafi na dukanmu, yaron ya yi barci a kafaɗar ubansa, takalminsa ɗaya ya saɓule muka koma baya nema da fitilar waya. A cikin jirgi abokin nawa ya ce shi da kawo yaron wasan dare sai ya girma. Mutumin da kakansa ne ya fara kai shi tsohon filin, a ƙafa, daga ƙofar gidansu. Kujera biyu ke nan sun tafi, kuma babu ruwan koci ko 'yan wasa a ciki.

Kada ka ɗauka duk filin da ke bayan gari haka yake. Brighton sun nuna mini akasin haka. Wahalar da magoya bayansu suka sha ba kaɗan ba ce. An sayar da filinsu na Goldstone, suka bar shi a 1997, suka yi kaka biyu suna buga wasan gida a Gillingham, tafiyar sama da kilomita 100. Ka ji fa, wasan gida. Daga 1999 suka dawo suka raɓe a Withdean, filin guje-guje ne da bai kai kujeru 9,000 ba. Sai a 2011 suka samu nasu a Falmer, can gefen gari wajen tuddai, kusa da jami'o'i biyu. A taswira za ka ce sun yi nisa. Amma tashar jirgin Falmer tana manne da filin, daga tsakiyar Brighton tafiyar ba ta wuce minti goma ba, kuma tikitin wasan shi ne tikitin jirgi da na bas a yankin. Ka nuna shi kawai ka shige. Yanzu filin ya haura kujeru 30,000 kuma cika yake yi. Akwai layi bayan an tashi, ba zan ɓoye maka ba, na tsaya kusan rabin awa. Sai dai layi ne mai motsi, kana ganin jirage na zuwa suna kwasa, ka san naka na tafe.

Wannan dabara ta haɗa tikitin wasa da na hawa, Jamusawa ne gwanayenta. A Dortmund, inda fili ke ɗaukar mutum 81,365, tikitinka ya ishe ka shiga jirgi ko bas na yankin, zuwa da dawowa. Filin Bayern Munich da aka buɗe a 2005 yana can ƙarshen arewacin birnin, amma layin jirgin U6 na sauke ka a Fröttmaning ka ƙarasa a ƙafa. Su dai Bayern, ko a tsakiyar daji ka kai su za a bi su, don haka ba na kafa hujja da su. Abin lura shi ne maƙwabtansu 1860 Munich, da suka yi tarayya da su a filin har 2017. Sun yi ta buga wasa gaban kujeru wayam, magoya bayansu na ta ƙorafin an raba su da unguwarsu ta Giesing. Da suka faɗo ƙasa suka koma tsohon filinsu na Grünwalder, ƙarami a cikin unguwa, sai ga tikiti na wuyar samu.

Amurka ce ta fi ba ni mamaki da na je ziyara, domin can komai da mota ake lissafa shi. Da gasarsu ta MLS ta fara gina filayenta, kulob da dama sun nufi bayan gari inda ƙasa ke da araha, kuma ƙananan hukumomi na maraba da su. FC Dallas suna Frisco tun 2005, sama da kilomita 40 daga Dallas ɗin da suke amsa sunanta. Chicago Fire suka koma Bridgeview a 2006, fili mai kujeru 20,000, sabo fil, an gina shi dominsu aka ba su haya. Jirgi ba ya kaiwa can. Wanda ba shi da mota sai ya bi layin da ke ƙarewa a filin jirgin sama na Midway, sannan ya nemi bas. Su kuma matasan da suka fi son ƙwallon ƙafa a Amurka, da baƙi 'yan ci-rani, yawancinsu a cikin birni suke. A 2019 kulob ɗin ya amince ya biya sama da dala miliyan 60 don kawai a sake shi daga yarjejeniyar hayar, ya koma Soldier Field a bakin tafki, tsakiyar Chicago. Dubi kuɗin nan da kyau. Ba ɗan wasa aka saya da su ba, kuɗin fita daga gidan da aka gina dominka ne. Gaskiya kulob ɗin ma bai taɓuka abin kirki ba a yawancin shekarun nan, wannan ma ya kori mutane, amma ba a biyan irin wannan kuɗi saboda koci.

Atlanta United kuwa a tsakiyar birni suka buɗe ido a 2017, jirgin MARTA na sauke mutane a gindin filin. A 2018 matsakaicin masu shiga kallonsu ya haura 53,000, wasan ƙarshe na shekarar kuma mutum 73,019 ne suka shiga. A garin da aka sha cewa ƙwallon ƙafa ba za ta karɓu ba. Na hau jirgin nan ranar wasa, tun daga tashoshin farko taragu ke cika da riguna ja da baƙi, ana waƙa ana buga ganga, wanda ya fito aiki da kwat ɗinsa yana ta murmushi. Tun a jirgi wasan ya fara. Mutumin da ke cikin motarsa shi kaɗai a gosulo, yana lissafin kuɗin faka, ba ya samun wannan.

Na san halinka, za ka ce to shi ke nan, a gina fili kusa da tasha magana ta ƙare. Juventus za su ƙaryata ka, ni ma sun rage mini baki. An gina tsohon filinsu Stadio delle Alpi don gasar cin kofin duniya ta 1990, a gefen Turin, kujeru kusan 69,000. Mutane suka ƙi shi. Akwai hanyar tsere da ta zagaye filin, ɗan kallo na can nesa yana hangen 'yan wasa kamar tururuwa, ga iskar hunturu na ratsa shi. A kakar 2001-02, a wani wasan kofin Italiya da Sampdoria, mutum 237 ne suka shiga. Juventus fa, lokacin Del Piero da Buffon. Kowa ya ce nisa ne. Suka rushe shi, suka gina wani a daidai wurin, suka rage kujeru zuwa kusan 41,000, suka cire hanyar tseren suka matso da mutane bakin ciyawa. Aka buɗe a 2011, ya riƙa cika. Unguwar ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Ashe mutum zai jure doguwar hanya in ya san abin da zai tarar ya kai wahalarsa. Abin da ba ya jurewa shi ne a haɗa masa biyu, hanya ta ba shi wuya, ya iso kuma ya ga bai ga komai ba.

Abin da na lura, masu tikitin kaka gaba ɗaya ba su ne ma'auni ba. Waɗannan ko ana ruwan ƙanƙara za su zo, su ne suka bi Brighton har Gillingham. Amma ba su isa su cika fili ba. Ragowar kujerun na mutumin da sai ranar Juma'a yake yanke shawara ne, da mai ƙananan yara, da dattijon da gwiwa ta fara ba shi matsala, da mai keken guragu wanda tambayarsa ta farko ita ce ko tashar tana da lif, da wanda zai tashi aiki ƙarfe shida ana take wasa takwas saura kwata. Kowannensu da lissafinsa: sau nawa zan sauya abin hawa, yaushe jirgin ƙarshe ke tashi, ƙarfe nawa zan kwanta tunda gobe akwai aiki. Babban kulob yana da dubban masu jiran a saki kujera, in wannan ya fasa wani zai maye gurbinsa, shi ya sa ba ka taɓa ganin giɓin a talabijin. Ƙaramin kulob ba shi da mai jira. Wanda ya fasa, kujerarsa haka za ta kwana.

In Allah ya nufa takardunka suka fito ka zo, ba na yi maka alkawarin tikitin Arsenal, samunsa sai an yi da gaske. Amma ranar wasa zan kai ka mu sauka a tashar, ka bi ramin nan, ka ga shingen da na ba ka labari, ka karanta tsohon sunan Gillespie Road da har yau ke rubuce a tayil ɗin bango. Ka taho da takalmi mai daɗin tafiya da rigar sanyi mai kauri, kada ka dogara da wadda na aiko maka bara, ta yi shara-shara da yawa. Ka gaishe mini da su Inna da kowa da kowa.

Yayanka.