Fijo 504 mai kafireta: tsohon bakanike ko mai kwamfuta?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ka ce 504 ɗin da ya bari ta daɗe a ajiye, ka tayar da ita, yanzu tana baƙin hayaƙi, tana warin fetur, kuma da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Kana tambaya wa za ka kai wa, garejin zamani mai na'urar gwaji ko tsofaffin kanikawan Fijo. Ni tsohon bakanike zan ce maka, amma da sharaɗi. Bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Mai kwamfuta ƙarfinsa yana cikin na'urarsa, ita kuwa na'urar da kwamfutar mota take magana, ta wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari. A Amurka an wajabta wannan soket daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Ita 504 ta fito a Faransa tun 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa ta a 1975, kuma irin taka mai kafireta, wato abin da ke haɗa mai da iska kafin su shiga injin, ba ta da soket, ba ta da kwamfuta, ba ta da abin da zai ba na'ura labari. Yaron da ya koyi aiki a kan motocin injekta ba laifinsa ba ne, a duniyarsa kwamfuta ce ke auna mai da iska, gyara kuma yawanci cire wannan ne a sa sabo. Shi ya sa da wuya ka bar wurinsa bai ce maka kafiretar ta mutu a sayo wata ba. Sai dai kada a raina shi. A wurinsa za ka fi samun ma'aunin kwamfireshan (ƙarfin matsin cikin silinda), da fitilar saita taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta), da mitar gwada wuta, kuma teburinsa ya fi tsabta. Waɗannan duk 504 tana buƙatarsu.

Tsohon bakaniken Fijo da kunne da hanci da yatsa yake aiki. Zai saurari injin, ya shafa bakin salansa ya duba yatsansa, ya kwance fulogi ya kalli launinsa. Kafiretar Solex da ke kan yawancin waɗannan motoci ya buɗe ta ba adadi, ya san kowace ƙofa da inda ta nufa, kuma sau da yawa yana da gwangwanin tsofaffin jet (ƙananan ƙofofin da mai ke bi) da fulot da ba za ka samu a shago ba. Abin da mai kwamfuta zai ce a jefar, shi zai tashe shi da wanki da sabon gasket.

Matsalarsa ɗabi'un da suka zauna masa ne tun zamanin da burin direba kawai mota ta kai Legas ta dawo. Akwai mai zura waya a cikin jet don ya buɗe shi. Jet tagulla ne mai laushi, an huda shi da awo, lambarsa a rubuce a jikinsa. Da waya ta faɗaɗa ramin, motar ta koma shan mai har abada, kuma babu sukurun da zai gyara wannan. Akwai mai cire cok, wato abin da ke taimaka wa mota ta tashi da sanyi, gaba ɗaya, da mai shafe gasket da gam har ya toshe ƙananan hanyoyin mai, da mai ɗaga silo, wato juyin injin idan ba a taka totur ba, sama don ya ɓoye mutuwar motar ka biya ka tafi. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni haushi, domin ciwon yana nan, an dai rufe masa baki.

To, ga abin da alamun motarka suke faɗa, don ka san wanda ya kama hanya da wanda yake lalube. Injin fetur yana son iska kusan kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai, bisa nauyi. Baƙin hayaƙi da warin fetur da fulogi mai baƙin toka busasshe suna nufin mai ya yi yawa. A motar da ta daɗe a tsaye, wanda ake fara zargi shi ne fulot da allurarsa. Fulot shi ke tsayar da mai idan kwanon kafireta ya cika, kamar dai ƙwallon tankin ruwa na banɗaki. In ya huje ya sha mai sai ya nutse, in allurar ta cinye ko datti ya maƙale mata sai ta kasa rufewa, mai ya yi ta ambaliya. A girgiza fulot ɗin kusa da kunne, in an ji motsin ruwa a ciki, an kama ɓarawo. Cok da ya maƙale a rufe da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe su ma suna kawo wannan hayaƙin, kuma duba su ba ya cin minti biyar. In wani ya taɓa sa wa motar famfon mai na lantarki a madadin na asali, a duba shi, domin wasu suna turo mai da ƙarfin da allurar ba ta iya tarewa.

Mutuwa a silo kuwa tana iya zama daga ambaliyar nan, tana kuma iya zama ciwo na biyu daban. Fetur in ya kwana watanni yana bushewa ya bar danƙo, kuma jet ɗin silo shi ne mai ƙaramin rami, shi ke fara toshewa. Ko kuma iska ce ke satar hanya ta gasket ɗin gindin kafireta, ko ta tsohon tiyo da ya tsage, ko ta sandar totur da ta cinye mazauninta. Gwajinsa a fesa maganin wanke kafireta kaɗan a wuraren nan injin yana aiki. In muryarsa ta canza, nan iskar take shiga. A yi shi a fili, da abin kashe gobara a kusa, kuma kada kowa ya leƙa bakin kafireta ana tayar da mota, tana iya tofo wuta.

A nan ne bambancin kanikawan biyu yake fitowa sosai, kuma a nan za ka gane nagari a cikin tsofaffin ma. Nagari ba ya fara taɓa sukurun kafireta. Wuta yake fara dubawa: fulogi, wayoyinsu, kwantak da kwandansa, murfin distiributa, sannan taimin. Tazarar kwantak wajen milimita 0.4 ce, kuma in ta kauce ko bakinsa ya ƙone, motar za ta yi duk abin da mai ciwon kafireta take yi. Kafiretoci da yawa an kwance su a banza alhali kwandansa ce ta gaji. Bayan wuta sai tafet, wato saitin tazarar bawul, sai tanki. Tankin da ya yi shekaru rabinsa iska yana tsatsa, ga kuma abin da man 'yan bumburutu ya bari a ƙasansa. In ba a sauke shi an wanke an sa sabuwar matatar mai ba, a wanke kafireta yau, jibi ta sake toshewa. Saitin sukurun mai da na silo shi ne aikin ƙarshe, injin yana da zafi, a bar shi yana juyi 800 zuwa 900 a minti ba tare da rawa ba. Mai kwamfuta zai iya yi maka ɓangaren wutar da kyau in ya yarda ya ajiye na'urarsa. Cikin kafiretar ne ba nasa ba.

Wajen nemo mutumin, kada ka bi allon gareji. Je tashar da har yanzu ake lodin 504 doguwa ko a-kori-kura zuwa ƙauyuka, ka tambayi direbobi wa yake taɓa musu kafireta. Mutumin da abincinsa ke kan motar ba zai tura ka wurin mai wasa ba. Masu sayar da kayan Fijo a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna su ma sun san masu zuwa sayen kayan gyaran Solex. In sunan mutum ɗaya ya fito daga baki biyu ko uku, ka same shi. Ka gaishe shi da girmamawa, ka faɗa masa alamun kawai, kada ka ce masa kafireta ce, ka ga inda hannunsa zai fara zuwa. Ka tambaye shi da me yake buɗe jet. Amsar da kake so ita ce maganin wanki da iskar kwamfiresa. Ranar da za a buɗe ta ka zauna a wurin, ka ɗauki hoton lambobin jet ɗin, kuma duk abin da aka cire a ba ka shi a leda.

Maganar sayen wata kafireta, ka jinkirta ta. Ta asali da aka wanke aka sa mata sabon gasket da allura da fatar famfon totur ta fi sabuwar kwaikwayo da ba a san awon jet ɗinta ba. Sai in gangar jikinta ta tsage, ko gindinta ya lanƙwashe, ko sandar totur tana girgiza sosai, sannan a nemi ta hannu, a tafi da tsohuwar a gwada su, domin ta injin 1.8 da ta 2.0 ba lallai su zo ɗaya ba.

Wuri ɗaya zan ce ka fara da mai kayan awo. In ka lura hayaƙin yana da shuɗi-shuɗi, baƙin mai injin yake ƙonawa, zancen ringi ne ko bawul. In fari ne mai kauri kuma ruwan lagireto yana raguwa, gasket ɗin kan injin ne. A waɗannan biyun a auna kwamfireshan na silinda huɗun tukuna, kafin ka kashe ko sisi a kan kafireta.