Sharhi: jitar bes mai tsirkiya shida a hannun wanda ya saba da mai biyar

Idan aka bi lissafi zalla, abin da tsirkiya ta shida take ƙara wa jitar bes, wato jitar da ke ba da kakkauran sautin ƙasa a kiɗa, bai taka kara ya karya ba. Mai tsirkiya biyar ana ɗaure ta a kan sautukan B, E, A, D da G, daga tsirkiya mafi kauri zuwa mafi siranta, ita kuwa mai shida sai a ƙara mata siririyar tsirkiyar C bayan G, kuma a kan wuya mai firet 24 (wato ƙarafan da aka gicciya a wuya, inda ake danna tsirkiya don canza sauti) sababbin sautukan da mutum zai samu biyar ne kacal, domin duk sauran suna nan a kan tsirkiyar G ga wanda ya yarda ya gangara da hannunsa can ƙarshen wuya. Duk da haka na sayi mai shida bayan na daɗe ina kaɗa mai biyar, na yi atisaye da ita, na hau dandamali da ita, na kuma naɗi sauti da ita. Ra'ayina a yau shi ne cewa duk wanda zai yi wannan sauyi ya fi kamata ya damu da faɗin wuya da tazarar tsirkiyoyi fiye da yadda ya damu da ita kanta tsirkiyar da aka ƙara.

Akwai ruɗani guda da yake da kyau a kawar kafin a je ga saye. Kamfanin Fender ya fitar da Bass VI a shekarar 1961, kuma ita ma tsirkiyarta shida ce, amma ana ɗaure ta ne irin ta jitar da aka saba gani, daga E zuwa E, sai dai oktaf ɗaya (wato tazarar sautin firet 12) a ƙasa, tsawon tsirkiyarta inci 30 ne, tsirkiyoyin kuma a matse suke ƙwarai. Wannan wata aba ce daban. Wadda nake magana a kanta ita ce wadda makaɗin Amurka Anthony Jackson ya ƙirƙiro tunaninta, Carl Thompson ya fara ƙera masa ita a tsakiyar shekarun 1970, daga baya kuma Ken Smith da kamfanin Fodera na birnin New York suka ci gaba da gyara fasalinta. Ita ce John Patitucci ya shahara da ita a fagen jaz, John Myung kuma a ƙungiyar Dream Theater. Mai saye ta intanet ya duba da kyau ya ga an rubuta B zuwa C.

Tawa tana da tsawon tsirkiya inci 35, firet 24, maɗaukan sauti biyu (na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar amonsu), da ƙaramar na'urar gyaran murya a cikin gangar jiki mai aiki da batir na folt 9. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da tsirkiya a kan jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyin suke hawa a ƙasan gangar jiki, milimita 18 ce, kuma a kan wannan awon na tsayar da zaɓina, domin daidai yake da na tsohuwar jitata mai biyar. Dalilin a bayyane yake. Yatsun hannun dama sun haddace nisan da suke tsallakawa daga wannan tsirkiya zuwa waccan, kuma ba sa neman izinin ƙwaƙwalwa kafin su yi tsallen, saboda haka idan aka ƙara tsirkiya aka kuma canza tazara a lokaci guda, an ɗora wa hannu sabon karatu biyu ke nan. Ni da na bar tazarar yadda take, hannun damana bai yi baƙunta mai tsawo ba.

Sai dai wannan zaɓi yana da nasa nauyi, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Tsakanin tsirkiya shida akwai gibi biyar, don haka tazarar milimita 18 tana ba da faɗin milimita 90 daga B zuwa C a kan jaki, alhali a mai biyar faɗin milimita 72 ne. Jerin SR na kamfanin Ibanez yana amfani da milimita 16.5, wanda ya saukar da faɗin zuwa 82.5, shi ya sa masu ƙananan hannaye da masu son gudu da yatsu suke yabonsa. A ɗaya ɓangaren akwai masu milimita 19, irin tazarar da aka sani a bes ɗin Fender mai tsirkiya huɗu, inda faɗin yake kai wa milimita 95. Na riƙe irin waɗannan biyun kafin in yanke shawara. Mai matsattsiyar tazara ta fi daɗi a hannun hagu nesa ba kusa ba, amma da na gwada salon dukan tsirkiya da babban yatsa tare da fizgo ta da manuni, sai na ji yatsan ba ya samun wurin shiga tsakanin G da C. Mai faɗin kuwa ta buɗe wa hannun dama fili yadda yake so, amma miƙa ɗan ƙaramin yatsa zuwa tsirkiyar B a firet na farko ya zama aiki. Wanda kiɗansa ya dogara da wancan salon dukan ya nemi buɗaɗɗiyar tazara, wanda kuma yatsu biyu kawai yake amfani da su ba zai yi asarar komai ba idan ya ɗauki matsattsiya.

Abin da ya fi cin lokacina, wanda kuma masu talla ba su cika ambatonsa ba, shi ne kashe amon tsirkiyoyin da ba a kaɗa ba. A duk lokacin da aka taɓa tsirkiya ɗaya, sauran biyar suna nan a sake, kuma duk wadda sautinta ya yi dangantaka da wanda aka buga sai ta fara rawa da kanta. Tsirkiyar B ce ta fi kowace laifi, domin tana girgiza kusan sau 31 ne a daƙiƙa, amo ne mai zurfin da kunne ba ya saurin kama shi a ɗakin atisaye, amma da zarar an naɗi sautin an saurara sai a ji wani gurnani a ƙasa yana dagula komai. A kan mai biyar na saba ɗora babban yatsa a kan maɗaukin sauti ko a kan B, in bar sauran yatsu su yi aiki. A kan mai shida wannan dabarar ba ta wadatar ba, saboda idan ina kan C akwai tsirkiyoyi huɗu ko biyar a bayana da babu mai tsare su. Mafita ita ce a saki babban yatsa ya kwanta a gicciye a kan tsirkiyoyin da ke sama da wadda ake kaɗawa, yana bin hannu duk inda ya nufa, motsin kuma ya fito daga kafaɗa da gwiwar hannu maimakon wuyan hannu. Hannun hagu shi ma yana da nasa rabon, domin cikin manuni ne yake kwanciya a kan siraran tsirkiyoyi idan ana kiɗa a kan masu kauri. Kafin wannan ya zauna mini, kiɗana a kan sabuwar jita ya fi ƙazanta fiye da yadda yake a kan tsohuwar, kuma duk mai shirin wannan sauyi ya sa ran haka, kada ya ɗauki sabuwar zuwa wani muhimmin aiki a makon da ya saye ta.

Akwai kuma ruɗin ido. Wanda ya fito daga mai biyar ya riga ya saba da cewa tsirkiyar da ke sama B ce, to amma ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka cewa ta ƙasa G ce, don haka sai ya kai hannu neman G ya faɗa kan C. Wannan yana wucewa da wuri idan aka daina kallon wuya.

Game da nauyi, ba zan yi wa tawa kara ba. Ta fi tsohuwar nauyi yadda kafaɗa take shaidawa bayan doguwar tsayuwa, kuma da yake wuyan ya ƙara faɗi an kuma ƙara maɗauri na shida a kansa, kan jitar yana son sunkuyawa ƙasa idan aka sake shi. Faffaɗan bel na rataya, mai ɗan kaushi a ciki, ya rage matsalar sosai, haka ma ɗaga jitar sama kaɗan a ƙirji, wanda ya miƙar da wuyan hannun hagu ya kuma hana shi ciwo. Shawarata ga mai gwaji ita ce ya rataya ta ya tsaya da ita, ya saki hannuwansa biyu ya ga inda kanta zai nufa, domin jitar da ta zauna lafiya a kan cinya tana iya zama wahala a tsaye. Ya kuma tambayi abin da ke cikin wuyan, tunda jan tsirkiya shida ba ƙarami ba ne. Wasu masu ƙira suna sa sandar ƙarfe biyu ta daidaita wuya maimakon ɗaya, wasu kuma suna ƙarfafa katakon da sandunan kabon.

Tsawon tsirkiya shi ne wurin da har yanzu zuciyata take rabuwa biyu. Inci 35 yana ƙara wa B tauri, sautinta yana fita a tsaye ba tare da lanƙwasa ba, kuma a nan sabuwar ta fi tsohuwata mai inci 34. Amma tsawon da ya gyara B shi ne yake tsaurara C, har muryarta ta yi siranta ta koma kamar ta wata jita daban da aka jona a gefe. Na rage wannan bambanci ta hanyar sauke maɗaukan sauti kaɗan ta ɓangaren siraran tsirkiyoyi da kuma rage kaifin murya a na'urar cikin jiki, kuma na lura cewa C ta fi daɗi daga tsakiyar wuya zuwa wajen gangar jiki fiye da a firet na farko-farko. Saitin tsirkiyoyin da nake sawa shi ne wanda aka fi samu, daga kaurin inci .032 a C zuwa .130 a B. Masu ƙira irin su Dingwall sun bi wata hanya, inda suke karkata firet ɗin kamar buɗaɗɗen mafici, B ta samu inci 37, siraran tsirkiyoyi kuma su gajarta. Tunanin yana da ma'ana ƙwarai, kuma da zan sake saye, a nan zan fara dubawa.

To, me na samu da ya sa ban mayar da ita ba? Amfanin gaskiya ba ya cikin sautuka biyar ɗin nan na sama. Daga B a sake zuwa C a sake akwai oktaf biyu da ɗan ƙari, ma'ana mutum zai iya ajiye hannunsa a wuri guda, misali a firet na biyar ko na bakwai, ya ratsa oktaf biyu a gicciye ba tare da ya zame sama ko ƙasa ba. Ga mai karanta kiɗa a takarda wannan babbar rahama ce, domin idonsa ba ya barin shafi. Kuma da yake tazarar sauti tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta iri ɗaya ce, duk fasalin yatsun da aka haddace a kan mai biyar yana aiki a nan ba tare da gyara ba. Haɗa sautuka uku ko huɗu a lokaci guda, wanda a kan D da G yake fita a cushe, a kan G da C yana fita tas, saboda haka a ƙaramar ƙungiyar da babu mai fiyano ina iya riƙe ƙasa da babban yatsa in cika sama da sauran. A lokacin da ake bar wa mai bes fili shi kaɗai kuwa, C tana ratsa ƙarar ganguna ta isa kunne ba tare da an ƙara ƙarfin amfilifaya ba.

A gefe guda, a yawancin waƙoƙin da aikin mai bes shi ne riƙe ƙasa tare da mai ganga, sai in gama waƙa ban taɓa C ko sau ɗaya ba, alhali ina ɗauke da nauyinta ina kuma tsaron amonta. Saitin tsirkiya shida ya fi tsada, ba a kuma samunsa iri-iri kamar na huɗu da na biyar. Shi ya sa ban ɗauki mai shida a matsayin matakin da ya fi mai biyar daraja ba. Kayan wani aiki ne daban, kuma tsohuwar tawa ban sayar da ita ba.

Wanda yake kokwanto yana da hanyar gwaji mai sauƙi kafin ya kashe kuɗi: ya cire B daga jitarsa mai biyar, ya ɗaure ta E, A, D, G, C, ya sa a sake daidaita masa wuya, a kuma duba ramukan ɗan ƙashin da tsirkiyoyi suke bi a kan wuya tunda za su yi wa sababbin yawa. Idan bayan ɗan lokaci ya ga hannunsa yana yawan zuwa C, kuma a lokaci guda yana kewar B, to mai shida yake buƙata, sai ya auna tazarar jitarsa da abin awo ya je ya nemi mai irinta. Idan kuwa bai yi kewar B ba, ya bar mai biyar ɗin a wannan sabon saiti, ya huta da faffaɗan wuya.