Zaren "audugar madara": abin da na gani bayan na saƙa dunƙule 30

Shekarata 14 ina saƙar kwarashi, kuma kusan duk tsawon wannan lokaci zare ɗaya na sani, ulun nan mai kaushi da ake tarawa a rumfunan Babbar Kasuwar Yamai, wanda in kin wuni kina jan sa sai ya bar miki kanta a yatsa. Da shi na yi hulunan jarirai ba adadi, da safa, da ƴan shimfiɗun kan kujera da matan unguwarmu ta Bukoki ke saye in za su aurar da ɗiya. Ban taɓa raina shi ba, don ya sha biya wa yarana kuɗin littattafai. Amma a watan Mayun 2024 na ga wani zare a WhatsApp ɗin wata baiwar Allah mai kawo kaya daga ƙasar Sin, launukansa a kwance kamar alawar madara, kuma ta rubuta a ƙasan hoton cewa auduga ce zalla da aka gauraya da madara, shi ya sa ake ce masa audugar madara. Na kwana biyu ina buɗe hoton ina rufewa, a na uku na kira ta.

Dunƙule ɗaya dala 120 ne, wato sefa 600, an rubuta giram 50 a jikin takardarsa. Da na ce ya yi tsada sai ta tuna mini cewa tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ba sa shigowa ta Kwatano, sai an sauke su a Lome a zagayo da su ta Burkina. Wannan kam ba ƙarya ta yi ba, duk mai zuwa kasuwa ya ji a aljihunsa. Na ɗauki 20, jika 12 ke nan, wato sefa dubu 12: ruwan ƙasa 8, fari mai duhun madara 6, koren ganyen zogale 6. Kafin la'asar ɗan kabu-kabu ya kawo mini har ƙofar gida, na ba shi dala 100 kuɗin aike. Wajen saurin kawo kaya ba ni da abin cewa a kanta.

Niyyata bargo zan yi wa Kaka, mahaifiyar Innarmu da ke Tawa. Na tsara shi gida-gida, kowane gida mai kusurwa huɗu santimita 15, jeri 8 a faɗi, 10 a tsawo, gidaje 80 ke nan.

Ranar da na fara, sai da na yi ta shafa zaren a kumatuna kamar ƙaramar yarinya. Laushinsa gaskiya ne, ba ƙarin gishirin mai talla ba. Sili biyar ne aka murɗa, kuma da kwarashi mai lamba 4 yana sulɓi ba gardama, idon saƙar na fitowa tsaf, har ƙirgen ya yi mini sauƙi da dare in an ɗauke wuta ina aiki da fitilar caji a tsakar gida. Sai dai murɗin nasa sakwa-sakwa ne. In bakin kwarashinki mai tsini ne, zai riƙa shiga tsakanin silin, ki ja huɗu ki bar ɗaya yana reto, sai kin warware kin sake. Da na koma wani tsohon kwarashina mai dakusasshen baki abin ya ragu ƙwarai. Na kuma tarar da ƙulli a cikin dunƙule 7 daga cikin 20 ɗin, ɗaya ma ƙulli uku ne a cikinsa. Masu saƙa sun san haushin wannan: kina tsakiyar layi sai ga ƙulli ya taso, dole ki yanke ki sake haɗi, ki ƙara wa kanki jelar da za ki ɓoye daga baya. Da na ga zaren na ƙarewa da wuri, na ari ɗan sikelin maƙwabciyata mai yin kek na auna guda biyar da ban taɓa ba. Mafi nauyinsu giram 47 ne, har da takardar. Ita takardar ma ba ta faɗi tsawon zaren mita nawa ba ne, kuma babu lambar rini a jiki. Wannan rashin lambar ban ɗauke shi komai ba a lokacin.

Babbar Sallar shekarar ta faɗo tsakiyar watan Yuni, mu kuwa tun muna yara a Tawa muke yin ta. Na cusa gidaje 41 da na gama a jaka, da sauran zaren, muka shiga bas ta asuba ni da yara uku. Tafiyar wajen kilomita 550 ce, kuma ni a ganina babu wurin saƙa irin kujerar bas in Allah ya haɗa ki da ta jikin taga. Daga Yamai zuwa Doso na gama gida biyu, tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni na yi ɗaya da rabi, don autana ya kwanta a kan hannuna. Muna karya kwana a Tsarnawa muka miƙi arewa sai na ajiye kwarashin, domin daga nan kullum kallon hanya nake, ina jiran Badagishiri, inda Baba, Allah ya ji ƙansa, yake cewa mu gyara ɗaurin kallabi an kusa gida.

Kaka ta haura 80, amma idonta da yatsunta ba su tsufa ba. A ƙuruciyarta kaɗi ne sana'arta. Na taso ina ganin ta a hutun makaranta zaune bakin ɗakinta, ta gurje auduga ta fid da angurya, ta shiɓe ta, sannan ta dangwali alli ta murza mazari a cikin ƴar tasa, zare na fita daga hannunta kamar ba ita ke yi ba. Abawa take yi wa masaƙa, su kuma su saƙo gwado. Mu jikoki aikinmu tsintar anguryar da ta tarwatse, ladanmu ɓallin cuku. Saboda haka da yammacin ranar Sallah, an jera raguna a kan tsinkayensu kewaye da wuta a ƙofar gida, maza na ta juya su, sai na zazzage gidajen bargon a kan tabarmarta ina jiran yabo.

Ta ɗauki ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci, ta ɗan ja shi ta saki.

"Kishiya, wa ya ce miki wannan auduga ce?"

Na ce, "Kaka, a jikin takardar aka rubuta. Har da madara a ciki."

"Madarar wace saniya?" Ta kira ɗana na fari. "Kai, mai gidana, ɗebo mini garwashi ɗaya a wajen ragunan can."

Ya kawo a kan murfin kwano. Ta tsinki jelar zarena kamar tsawon yatsa ta ɗora. Kafin ma ya kama sai ya takure, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi mai warin leda, ya bar wani ɗan dunƙule baƙi. Da ya huce ta danna shi da farce, tauri kamar tsakuwa. Sai ta sa hannu a tsohon lefenta ta ciro guntun abawar da ta kaɗa da kanta, ta ɗora a garwashin nan. Ita kuwa ta ci wuta lafiya lau, warinta kamar na takarda, tokarta fara-fara, Kaka ta hure ta ta watse. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta miƙo mini murfin kwanon kawai, ƙannen Innarmu na ta dariya har da riƙe ciki.

Gwajin nan na Kaka shi ne dai wanda masu harkar zare ke yi ko'ina. Auduga tsiro ce, tana ƙonewa ta zama toka mai laushi. Ulun gaske na gashin tumaki warin ƙonannen gashi yake yi, irin na babbakar kan rago, ya bar gawayin da ke murƙushewa a hannu. Wanda ke narkewa ya daskare kuwa na roba ne, akirilik, da ake samu daga man fetur. Zaren madara ma akwai shi, tun shekarun 1930 aka fara yin sa a Italiya da sinadarin cikin nono wanda ke zama cuku, kuma da yake daga jikin dabba ya fito, shi ma warin gashi yake yi a wuta. Nawa ko alamar wannan wari babu. Na sake gwadawa a Yamai da kowane launi, sili-sili, sakamakon bai canza ba. In ma akwai auduga a ciki, ba ta kai wadda za ta bar toka a gani ba.

Abin ya ci mini rai, ba don zaren roba haramun ne ba, ai ulun kasuwar da na saba da shi ma na roba ne. Haushina shi ne na biya kuɗin auduga. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni kuwa ƙwarya aka ce mini. Da na tura wa mai kayan hoton murfin kwanon, ta rantse ita ma abin da aka rubuta mata ke nan, kuma na yarda da ita, don muryarta ta nuna kunya. Amma har yau da nake wannan rubutu "auduga zalla" na nan a tallarta.

Duk da haka sai da na koma wurinta a watan Agusta, don 20 ɗin ba su kai ni ba, kuma bargon da ya wuce rabi ba a canza masa zare. Na ƙaro 10, a lokacin ya koma dala 150, jika 7 da rabi. A nan rashin lambar rini ya kama ni. Kamfanonin da suka san aikinsu suna buga lamba ga duk zaren da aka rina a tukunya ɗaya, don mai saye ya haɗa iri ɗaya. Sabon ruwan ƙasan da aka kawo mini ya fi na farko ja. A ɗaki ba ya nunawa, amma a hasken rana ko yaro zai gane. Dabarar da na yi, na warwatsa sababbin gidajen a tsakanin tsofaffin yadda za a ɗauka da gangan ne, na yi haɗin da bakin bargon da farin. Shawarata ga duk mai son wannan zare, ta yi lissafin aikinta tun farko, ta ƙara dunƙule ɗaya a kan kowane biyar saboda ƙarancin nauyi, ta saya lokaci guda.

Wajen wanki ya ba ni mamaki. Na jiƙa koren da farin a roba ɗaya da omo, ko ɗigon launi bai zuba ba, kuma cikin awa biyu a inuwa ya bushe. Bai tsuke ba, bai saki ba. Bayan wanki na huɗu ne ya fara ƴan ƙudaje a wuraren da ake yawan gogawa, ina bi da reza ina kankarewa a hankali. Guga kam kada ki kuskura. Na ɗora dutsen guga a gefen wani gida don in miƙar da shi, wurin ya lafe ya yi ƙyalli, laushin ya tafi har abada, sai sabon gida na saƙa. Ragowar da na yi wa yarana abin sauke tukunya da ita ma kwana ɗaya ta yi, ta manne a kunnen tukunyar miya. Haka kuma wata ƴar riga da na yi wa jaririyar ƙanwata a watan Oktoba, wuni ɗaya ta sa ƙurajen zafi suka feso mata a wuya, domin zaren ba ya shan gumi. Wannan ne ya fi damuna, don na ga masu talla na cewa ya dace da fatar jarirai. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kayan jariri da wannan zare na watan Disamba da Janairu ne kawai, kuma a kan rigar auduga.

In don sanyi ne kuwa, zan sake saye, kuma na sake. Hulunan da na yi da shi a hunturun bara sun ƙare kafin na ulun kasuwa, ko da na ɗora dala 100 a kan kuɗinsu, saboda uwa na taɓawa take jin bambancin. Ba ya ƙaiƙayi a goshi, ƙurar hunturu na fita da wanki ɗaya, asu ba ya cin sa a adaka. Sai dai yanzu duk wadda ta tambaye ni ina gaya mata na roba ne mai laushi, kuma kada a zaunar da yaro kusa da kaskon wuta da shi a jiki. A ganina kuɗinsa na gaskiya bai kamata ya wuce dala 100 ba.

Bargon ya tafi Tawa a farkon Disamba, na ba wani ɗan'uwanmu da zai je ya kai mata. Kaka ba ta aiko da godiya ba, ba ta saba ba. A Sallar 2025 da muka je na tarar da shi a ninke a kan gadonta, ƙarƙashin tsohon gwadonta, gefe ɗaya ya yi ƙudaje sosai, alamar ya sha aiki. Akwai wani ɗan rami mai baƙin baki a gida na uku daga ƙasa, inda tartsatsin kasko ya faɗa. Na ciro kwarashi zan gyara, ta ce in bar mata kayanta haka. Da za mu taso ta ƙulle mini mazari biyu cike da abawarta a cikin tsumma, ta ce in je in yi wa jaririyar ƙanwata rigar kirki. Abawar ba ta da laushin wancan ko kusa, wani wuri kauri wani wuri siriri, sai da na sauka zuwa kwarashi mai lamba 3 kafin ta zauna. Hannu ɗaya ya rage mini in gama rigar.