YouVersion: don mai nazarin ceton dukan mutane

Manhajar karanta Littafi Mai Tsarki ce a waya, kyauta ce, ba talla, kuma akwai fassarar Hausa a ciki. Ku buɗe asusu, ku sauke fassarar tun kuna da data, in ba haka ba sabis na ɗaukewa karatu ya tsaya.

Ga mai bin begen cewa ƙaunar Allah za ta fanshi kowa, amfaninta yana wajen jera fassarori. Ku taɓa Romawa 5:18, ku kwatanta Hausa da Turanci, sannan 1 Timoti 2:4 da Kolosiyawa 1:20. Kada ku tsallake Matiyu 25:46, a nan masu jayayya suke kafa hujja.

Inda ta gaza: ayoyi take bayarwa, ba ta warware wannan muhawara. Ra'ayin Orijen kuwa, malamin Kirista na ƙarni na uku da ake danganta masa koyarwar ceton kowa, sai a littattafan tarihin ikkilisiya.