Kwamin wankan yara na roba: ku auna yaro kafin ku auna tsakar gida

Jama'a tunda zafin Sakkwato ya fara, wanga na Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, kowa sai tambayata yake kan kwamin wankan da muka saya ma yara, to bari in yi bayani gaba ɗaya in huta. Namu irin mai zobe guda ne a sama da ake hura ma iska, faɗinshi santimita 244, tsawon bango 76. Irin su Intex da Bestway duk suna yin wanga samfuri. Robar na da kauri, haɗawa ba wuya, yara kam sun ji daɗi ba ƙarya.

Amma lambar da ke jikin kwali tana ruɗin mutane. Wancan 76 tsawon bango ne har da zoben, ruwa bai kai nan, ana tsayawa ƙasan zobe ne, wajen kashi 80 cikin 100. Ga babbar ɗiyata mai shekara takwas ruwan daidai ne, ko ƙugunta bai wuce ba sosai. Ƙaraminsu kuwa ɗan shekara uku, wanda tsawonshi duka bai kai mita ɗaya ba, ruwan har ƙirji yake kai mishi, kuma ƙasan robar santsi gare shi kamar an shafa karkashi, ƙafa na zamewa sai kai ya nutse. Ni dai ma'aunina, yaron da bai iya iyo ba ruwa ya tsaya mishi a cibiya yana tsaye, wanda ke rarrafe ko bai daɗe da fara tafiya ba kuwa a zaune za a auna shi, kar ya wuce cinyoyinshi.

Za ku ce to a zuba rabi mana. Nan ne matsalar mai zobe take, ruwan ne ke ɗaga bangon, zoben na tashi ne yayin da ruwa ke ƙaruwa, in ka tsaya a rabi sai bangon ya yi laƙwas ya kwanto ciki, yaro na jingina ruwa ya malale tsakar gida. In kuna son ku riƙa rage ruwa kuna ƙarawa gwargwadon yaron da zai shiga, mai ƙafafun ƙarfe ya fi, shi ko da ruwa kaɗan tsaye yake. In kuma duk yaranku ƙanana ne wallahi kar ku wahal da aljihu, ku ɗauki ɗan ƙarami mai zobe uku wanda bangonshi bai wuce santimita 33 ba, ya ishe su fantsama.

Sai maganar ruwa, wadda mai shago ba zai tuna maka ba. Wanga girman na cin wajen lita 2,400, kusan jarka 100 ke nan mai lita 25. Wanda ke da bohol da tanki ba ruwanshi, amma in 'yan garuwa ke kawo muku a kura to ku yi lissafi tun kafin ku biya kuɗin kaya. Ga shi da zafin nan ruwan bai jimawa yake yin kore in ba a sa kulorin ba, a bar shi buɗe kuma sauro ya samu wurin ƙwai. Mu ƙarƙashin iccen dogon yaro muka aje shi don rana na dafa ruwan, sai dai kullum cikin tsame ganye muke. A share ƙasa tas a shimfiɗa leda mai kauri ko tsohuwar tabarma, ƙarangiya ɗaya ta isa ta huda shi, kuma wurin ya zama a daidaice, in da gangare gefe guda zai fi zurfi ba ka sani ba.

Kar kuma wani ya ce ai ruwan kaɗan ne ya shige kicin. Ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai wuce santimita 5 ba, kuma ba ihu yake yi ba balle a ji. Babba ya zauna inda hannunshi zai kai ga yaron, ba a bar ma yayarsu 'yar shekara takwas amana ba. Ƙaramin kwami ana gamawa a zubar ma shuka a kife shi, babba kuma ko an rufe shi da murfi a tare hanyar wurin, don murfin leda bai ɗaukar nauyin yaro.